Kuɗin Kaka: Ina Suke Tafiya, Ina Kuma Ya Kamata Su Kwana?

Darasi domin ƙungiyoyin gama kai na manoman ikkilisiya a ƙasar Bagudo

'Yan'uwa manoma, wannan darasi na karantawa ne a wurin taron ƙungiya. Magatakarda ya karanta da ƙarfi, sannu a hankali, yana tsayawa domin waɗanda ba su iya karatu ba su sami damar yin tambaya. In bai ƙare a zama ɗaya ba, a raba shi biyu. Muna roƙo kada a bar mata a gida, gama rabin maganar tasu ce.

Malamin makaranta yakan karɓi albashi sau 12 a shekara. In ya ɓatar da na wannan wata, sai ya daure kwana 30, wani ya zo. Manomi kuwa albashinsa sau ɗaya ne, ko sau biyu ga mai noman rani a fadamun Kogin Kwara. In ya ɓatar da nasa, sai baɗi. Saboda haka manomi ya fi ma'aikaci bukatar lissafi, ko da yake galibinmu muna tsammani lissafi aikin masu alƙalami ne.

Daga Zagga zuwa Illo da Lolo, daga Ka'oje zuwa Tsamiya a bakin iyakar Benin, ba wanda zai ce mutanenmu ragwaye ne. Ana noma shinkafa, da dawa, da gero, da masara, da wake, ana kiwo, ana su. Amma gidan da ya kai buhu 30 gida a Nuwamba, sau da yawa shi ne za ka tarar yana auno mudu-mudu a Yuli. Gona ba ta yi laifi ba. Abin ya lalace ne tsakanin masussuka da saukar ruwan fari, kuma waɗannan watanni ne muke so mu duba.

Watan da kowa yake sayarwa

Ku duba yadda shekararmu take. Ana girbi daga Oktoba zuwa Disamba. A daidai wannan lokaci ne masu bin bashi suke zuwa. Ga baikon kaka, ga Kirsimeti da ɗinkin yara, ga bukukuwan aure da aka daɗe ana ɗagawa sai kaka, ga kuɗin makaranta a Janairu. Bukatun nan duka sun taru a wata biyu ko uku, kuma a kowane gida haka abin yake. Kowa ya ɗauki buhu ya nufi kasuwa rana ɗaya. Sa'ad da masu sayarwa suka fi masu saye yawa, mai saye ne yake yanka farashi. Ya loda mota, ya kai sito ya kulle. A Yuni ko Yuli, sa'ad da rumbunanmu suka yi ƙasa, sai ya buɗe. Wani lokaci hatsin da muka sayar da araha, shi ne muke komawa mu saya da tsada.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne bashin kaka. Bari mu yi misali, ku kuwa ku sa farashin kasuwarku a madadin namu. A ce a watan Agusta yaro ya kwanta da zazzaɓi, ko kuwa ciyawa ta kama shinkafa ba kuɗin 'yan ƙodago. Mutum ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi naira 20,000, da alkawarin zai ba da buhu ɗaya na shanshera in an girbe. Nuwamba ta zo, buhun ya kai naira 30,000. Watau ya biya ƙarin naira 10,000 a kan 20,000 cikin wata 3. In da bashin zai shekara a kan wannan ƙa'ida, da ƙarin ya zama naira 200 a kan kowace naira 100. Babu bankin da ke karɓar haka. Amma da yake ba a ambaci kuɗin ruwa ba, buhu kawai aka ce, sai mu yi godiya mu tafi. Mai gida 5 a irin wannan bashi, tun shinkafa ba ta fid da kai ba an riga an raba ta.

Ba muna zagin 'yan kasuwa ba ne. Da yawansu maƙwabtanmu ne, sun kuma fid da mu kunya ranar da ba wani. Abin tambaya shi ne, don me kowace shekara ba mu da wata ƙofa sai tasu?

A fara da mudu

Kafin a taɓa buhu ko ɗaya, mai gida ya zauna da uwargida ya tambaye ta mudu nawa take aunawa kowace rana. Ita ta sani, shi bai sani ba. In mudu 3 ne, to, a shekara 1,095 ke nan. A ƙara na baƙi, da na gaisuwar rasuwa, da na masu taya aiki ranar gayya. A auna buhu ɗaya a ga mudu nawa yake ci, gama buhu ya bambanta, mudu ma ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Daga nan za a san buhu nawa ne na ci. Waɗannan a sa musu alama da gawayi ko fenti. Ba na sayarwa ba ne, ko da surukai ne suka zo.

Bayan na ci sai iri. Bayan iri sai bashin da ke kanmu, a biya shi a huta. Sa'an nan sai wani kashi da yawancinmu ba mu fid da shi, watau kuɗin noman baɗi: taki, da huɗa, da maganin ciyawa, da man inji, da 'yan ƙodago. Wanda bai ware wannan a kaka ba, ya riga ya sa hannu a bashin Agusta tun yanzu. Abin da ya ragu bayan waɗannan, shi kaɗai ne riba. Daga cikinsa ne za a yi Kirsimeti, a yi biki, a kuma yi ajiya. Wata shekara za a tarar ribar buhu 2 ce tak. Gwamma a san haka a Nuwamba, a rage shanun da za a yanka, da a gane a Yuli.

Muna ba da shawara a riƙa yin wannan lissafi da buhu, ba da naira ba. Dalilin yana nan gaba.

Naira, ko sefa, ko hatsi, ko akuya?

Mu mutanen bakin iyaka muna da abin da manomin Zariya ba shi da shi: kuɗi iri biyu suna yawo a kasuwanninmu. Wannan ya sa kullum ana gardama a kan inda ya fi kyau mutum ya ajiye ribarsa. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya, gama kowannensu ya taɓa cin amanar masu shi.

An fito da naira ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira 2. Har yanzu dattawa suna kiran naira 200 jaka, domin a zamanin fam, fam 100 ne cikin jaka guda. Ku tambaye su abin da jaka take saya a lokacin. Yau ba ta sayen mudun dawa. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda. Ma'anarsa, wanda ya binne naira 100,000 a gwangwani a Disamba 2023, ya tono su a Disamba 2024, takardunsa suna nan cif, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsu ya tafi. Ba ɓarawo, ba gara, amma an yi masa sata. Ga kuma canjin kuɗi. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta sake launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da kwanakin da ba su kai mako biyu ba a kai tsofaffi banki. A ƙarshen 2022 aka sake fito da sababbin 200 da 500 da 1,000, kuma duk mun tuna farkon 2023, yadda takardar kuɗi ta ɓace, mutane suna karyar da awaki da hatsi domin su riƙe tsaba a hannu. Wanda ya fi shan wuya a duka biyun shi ne na ƙauye mai nisa da banki, mai ajiya a ƙarƙashin katifa.

Sai waɗansu su ce, to, a canja zuwa sefa. Gaskiya ne sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, wajen sefa 656 ga yuro ɗaya, shi ya sa ba ta rawa kamar naira. Tun da aka saki naira a Yuni 2023, wanda yake riƙe da jikar sefa ya ga kuɗinta a naira ya hau ƙwarai. Ba za mu ce wanda ke sayen kaya a Segbana ko Malanbil kada ya riƙe sefa ba. Amma a tuna da Janairu 1994. A dare ɗaya aka rage darajar sefa da rabi, mutanen Benin da Nijar suka wayi gari rabin ajiyarsu ta narke. Har wa yau mai canji yana cin nasa sau biyu, ranar da ka saya da ranar da ka sayar, kuma jabu ta fi saurin shiga hannun wanda bai saba da takardar ba. Sefa a cikin gwangwani ba ta haihuwa, wuta da ruwa kuwa ba su san bambancinta da naira ba.

Ita kanta iyakar ba abin dogara ba ce. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986. An sake rufewa a Agusta 2019, a Nuwamba na wannan shekara kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, masu injin ban ruwa suka ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. A Mayu 2023 aka janye tallafin mai, ribar da samari suke samu ta tsallaka da jarka ta ragu ƙwarai. Ba a shawarci ko ɗayanmu ba kafin a yi waɗannan. Saurayin da ya sayar da gonar gado ya sayi babur domin fasa-ƙwauri ya gina arzikinsa a kan abin da wani zai iya rushewa da sanarwa ɗaya a rediyo, ban da haɗarin kamu da na rai.

Hatsi ya fi takarda, domin in farashi ya ƙi, a ci. Amma sai an kiyaye shi. A shanya ya bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake da masara a zuba su a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne a ciki, a ɗaure kowace dabam, ƙwari su rasa iska su mutu, ba sai an zuba guba a abincin yara ba. Sito kuma kada a gina shi inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Sai dai kada wani ya ɗauka ajiyar hatsi kullum riba ce. A 2024 gwamnati ta ɗauke harajin shigo da waɗansu kayan abinci na ɗan lokaci, a 2025 kuwa farashin masara da shinkafa ya faɗi, waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye suka yi hasara. Wanda ya ajiye abin da ya noma, ya rasa riba ne kawai. Wanda ya ci bashi ya saya domin ya ɓoye, shi ya shiga uku. Shi ya sa muke cewa a raba na sayarwa kashi uku: kashi ɗaya a kaka domin bukatun da ba su jira, ɗaya wajen Maris, ɗaya sa'ad da ruwa ya sauka. Ba za ka sami farashin da ya fi kowane tsada a duka ba, amma ba za ka sayar da duka a ranar da ta fi araha ba.

Dabbobi su ne bankin kakanninmu, kuma ba su tsufa ba. Akuya tana haihuwa, tana ba da taki, ana kuma iya sayar da ita ranar da bukata ta taso ba tare da an taɓa rumbu ba. Ɗan rago da aka saya da kaka aka turke, akwai kasuwarsa wajen maƙwabtanmu Musulmi da Babbar Salla. A dai lura Sallar tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, sai a lissafa watannin kiwo daga baya. Amma a yi musu allurar rigakafi, gama annoba ɗaya takan share garke. Game da shanu, tilas mu faɗi gaskiya. Satar shanu ta yi yawa, tun ma ba daga ƙarshen 2024 ba, da aka soma jin sunan Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi. Mutumin da dukan abin da ya mallaka yana tafiya da ƙafa huɗu a daji ɗaya, ana iya talauta shi kafin gari ya waye. Wanda zai ba Bafulatani amanar kiwo, kamar yadda aka saba a wajen Ka'oje, su yi magana a gaban shaidu: nawa ne, wa ke da madara, yaya za a yi in ta mutu ko an sace.

Banki ba zai sa ka yi arziki ba, ƙarin da yake bayarwa bai kamo tsadar kaya ba. Amfaninsa shi ne tsare kuɗin da ke jiran aiki nan da 'yan watanni, kamar na taki ko na makaranta. Akwai hukumar gwamnati mai suna NDIC da ke lamunce ajiyar mutane in banki ya rushe. Tun 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki na kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki na masu ƙaramin ƙarfi. An gwada wannan sa'ad da aka soke lasisin bankin Heritage a Yuni 2024. Amma lamunin na bankin da ke da lasisi ne kaɗai. Lambar sirri ta kati kuwa kada a faɗa wa mai POS, kada a faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake.

To, wanne za a zaɓa? Ra'ayinmu shi ne kada a zaɓi ɗaya. Abinci a rumbu, kuɗin taki a banki ko a asusun ƙungiya, riba a ƙananan dabbobi. Abin da ke cin ɗaya ba shi ne ke cin ɗayan ba.

Akwati mai kwaɗo uku

Yanzu mun zo kan abin da ya sa muka kafa ƙungiya. Mutum ɗaya ba shi da ƙarfin ƙin sayarwa a Disamba in ɗansa yana asibiti. Mutum 25 suna da shi.

A 1991, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta soma wani tsari tare da matan ƙauye, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu kuɗi daga waje ba. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mutum uku dabam, akwatin kuma yana kwana a gidan ta huɗu wadda ba ta da mabuɗi. Mata 15 zuwa 30 suna taruwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yarda. Ba a buɗe akwati sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, kowa ta ji. Mai bukata ta karɓi rance, galibi bai wuce ninki uku na abin da ta tara ba, ta mayar cikin 'yan watanni da ɗan ƙarin da su da kansu suka yanka. Akwai kuma wani ɗan asusu dabam na taimako, domin ciwo ko rasuwa ko gobara, wanda ba a biyan ƙari a kansa. In shekara ta kewayo sai a fasa, a raba duka, uwa da riba, gwargwadon abin da kowa ta zuba. Daga matan Hausa na Nijar wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya.

Wani zai ce ai adashi ke nan. Ba ɗaya ba ne. Adashi yana da kyau, zumuntar mata ta daɗe tana yinsa, amma a adashi sai layinka ya zo, ciwo kuwa ba ya bin layi. A akwati, ranar da bukata ta zo ranar za ka nema. Ƙarin da ka biya kuma bai tafi gidan wani ba, zai komo maka ranar rabo.

Ga abin da muke so ku yi tunani a kansa ƙwarai: ranar fasa akwati. Ƙungiyoyi da yawa suna sa ta a Disamba domin a ji daɗin Kirsimeti. A ganinmu wannan kuskure ne. A Disamba akwai hatsi a gida, kuɗin da aka raba a lokacin yakan ƙare a atamfa da nama. A sa ranar rabo a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sa'ad da ake neman taki da iri da kuɗin huɗa. Sa'an nan a soma sabon zubi nan da nan, ko da kaɗan kaɗan ne, domin akwati ya sami abin bayarwa a Agusta. Masu noman rani suna girbi wajen wannan lokaci, su ne za su riƙe akwatin da nauyi sa'ad da na tudu ba su da kome.

Manoman Nijar suna da wata dabara kuma tun wajen ƙarshen shekarun 1990, ta jinginar da hatsi. Da kaka kowa ya kawo buhunansa siton ƙungiya, a rubuta sunansa a jiki. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance. A ba manomi rancen da bai kai cikakken kuɗin hatsinsa ba, ya biya bukatunsa ko ya ja jarin sana'ar rani. Bayan wata 5 ko 6 ya biya ya kwashi kayansa, ko a sayar a cire bashin a ba shi saura. Ƙungiyar da akwatinta ya yi shekara biyu ko uku yana tafiya daidai tana iya gwada wannan da kuɗinta, da buhu kaɗan tukuna. Wadda ba ta iya riƙon akwati ba tukuna, kada ta taɓa sito.

Kalma ɗaya ga shugabanni. Kuɗin ƙungiya dabam, baikon ikkilisiya dabam, kada a haɗa su a jaka ɗaya ko littafi ɗaya. Kada kuma a ɗora wa fasto riƙon mabuɗi ko bin bashi. Mun san abin da yakan faru: wanda ya kasa biya sai ya daina zuwa sujada don kunya, matarsa ta bi shi, maganar naira 15,000 ta raba zumuncin shekara 20. Dattijo ko ɗan fasto in ya karɓi rance, ƙa'idar da ke kan gwauruwa ita ce a kansa. Ranar da aka ɗaga wa babba ƙafa, ranar akwatin ya soma mutuwa.

Rance daga waje

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Ba mu hana cin bashi ba. Tambaya ɗaya ce: abin da za a saya da shi, zai biya kansa? Garmar shanu, ko injin ban ruwa, ko buhun taki suna iya biyan kansu. Kayan lefe da waya mai tsada ba su iyawa.

A jiharmu ne, a Birnin Kebbi, aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya mai suna Anchor Borrowers ranar 17 ga Nuwamba 2015. An ba da iri da taki da injuna, a biya da shinkafa. Waɗansu sun amfana, sun biya. Waɗansu sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati, har akwai masu sayar da takin a kasuwa. Waɗansu kuwa da niyyar biya suka karɓa, sai ambaliyar 2020 ta shafe fadamu. Bashi mai yawa bai komo ba, a ƙarshen 2023 kuma Babban Banki ya daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance. Waɗanda suka ƙi biya sun rufe ƙofa ga 'ya'yansu. Ambaliyar kuma ta koya mana cewa mai noman bakin Kwara kada ya zuba dukan rancensa a fadama. A bar wani abu a gonar tudu, kuma kafin a sa hannu a kowace takarda a tambaya a ji: in ruwa ya ci, wa zai biya? Akwai inshora a ciki, ko babu?

Masu ninka kuɗi kuwa ba su da wuyar ganewa. MMM ta yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta ɓace a Afrilu 2025. Na farko ana biyansu ne da kuɗin na baya, domin su jawo 'yan'uwansu. Shi ya sa wanda zai kawo muku irin wannan ba baƙo ba ne, ɗan'uwa ne mai gaskiya wanda aka riga aka biya shi sau ɗaya. Ku da kuka san wahalar da ke cikin buhu guda, ku tambaye shi wace gona ce take nuna kowane wata. Cacar ƙwallo ta waya da ke cin kuɗin samarinmu ita ma gidansu ɗaya.

Abin da zai wuce mu

In an yi shekara uku ko huɗu ba a ci bashin kaka ba, za a soma ganin rara. A nan ne ake sayen abin da ke daɗewa. Gona tana gaba. Amma gonar da ba ta da shaida rigima ce ake bar wa marayu. In an saya ko an karɓi jingina, a rubuta, mai gari da shaidu su sa hannu, a ambaci iyakoki. Bisa dokar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar mallakar gonar karkara, sai a je Bagudo a nema. Kaɗanya da ɗorawa da ke cikin gona kada a sare su domin gawayi, kuɗin mata ne na kowace shekara. Mangwaro ko yazawa 10 da aka dasa bana, su ne za su ciyad da mutum ranar da ba ya iya sunkuyawa da fartanya. Yaro kuma, mace ko namiji, a bar shi ya gama makaranta ko ya koyi sana'a. Gidan da ke da mai gyaran injin ban ruwa ko ma'aikaciyar asibiti ba ya rasa abinci shekarar ambaliya.

Sa'an nan mai gida ya gaya wa matarsa abin da ya mallaka: wa yake binsa, wa yake bi, shanu nawa ne a hannun wa, a wane banki, takardar gona tana ina. Maza da yawa suna ɓoye wannan, wai kada a raina su ko a matsa musu da roƙo. Ranar da mutum ya faɗi, masu binsa bashi za su zo da kansu. Waɗanda yake bi ba za su zo ba. Kuɗin da mace ta samu kuma daga man kaɗe, ko turara shinkafa, ko awakinta, nata ne. In mai gida ya karɓa, rance ne, ya mayar.

Aikin da za a yi kafin taro mai zuwa: kowane gida ya zo da lamba uku, a rubuce ko a ka. Mudu nawa ake ci a rana, buhu nawa aka girbe bara, buhu nawa daga ciki suka tafi wajen biyan bashin kaka. Ba sai an faɗa a gaban jama'a ba, a gaya wa magatakarda shi kaɗai, shi kuwa ya haɗa na ukun duka ya faɗi jimla ba tare da suna ba. In ƙungiya ta ji yawan buhunan da suka fita daga hannunta ta wannan hanya, sai a yi shawara ko za a sayi akwati, a zaɓi masu riƙon mabuɗi uku daga gida uku da ba dangin juna ba, a kuma tsai da watan rabo.